Yadda za ka ci abinci hankali kwance a otal ɗin bakin teku irin na "komai a ciki"

Assalamu alaikum 'yan uwa. A da in aka ce mutumin karkararmu ya hau jirgi to an san Makka ce, Hajji ko Umara, a can kuma abinci ba ya ba kowa wahala tunda ga 'yan tuwo-tuwo nan ko ina. Yanzu kuwa Allah ya buɗa, matasanmu masu harkar riɗi da zoɓo, ma'aikatan da ake turawa taro, angwaye da amarensu, har da iyayen da 'ya'yansu ke biya musu su je su huta, duk sun fara leƙa irin su Zanzibar da Gambiya da Mombasa, masu ƙarfi har Maldives. Yawancin otal ɗin bakin teku a waɗannan wurare tsarinsu ɗaya ne, ka biya kuɗi sau ɗaya a dunƙule, ɗaki da ci da sha duk a ciki. Abin da ke damuna shi ne mutumin mu yakan je da kunyar nan tamu ta gida, ya ƙi tambaya, sai ya ƙare ko dai yana cin burodi da shayi kwana da kwanaki alhali ya biya kuɗin nama da kifi, ko kuma ya ɗebi abin da bai sani ba ya zo daga baya zuciyarsa na ta wasi-wasi. Duk biyun asara ce, kuma maganinsu ɗaya, ka buɗe baki ka yi tambaya. Zan fi kafa misali da Zanzibar dan ita mutanenmu suka fi nufa, amma tsarin kusan haka yake ko ina.

Tun kana gida, kafin ka tura kuɗi

Abu na farko ka duba takardar kama ɗakin da ejan ya turo maka a WhatsApp, akwai wasu haruffa da ke gefen farashi, su ne ke faɗa maka me ka saya. In ka ga BB to karin kumallo kaɗai ne. HB karin kumallo da abincin dare, rana kai za ka ji da kanka. FB sau uku ne amma yawanci ban da abin sha, ruwan gora ma sai ka biya. Wanda muke magana a kai shi ne AI, wato All Inclusive, shi ne ci sau uku da abin sha da 'yan kayan taɓa-ka-lashe na tsakanin rana. Ejan zai iya ce maka "Alhaji ai da abinci", kai kuma kada ka tsaya a nan, ka ce wanne daga ciki, a rubuta maka.

Ko a cikin AI ɗin ma ba komai ne komai ba. Kowane otal na da jerin abin da ya cire, galibi abin da ke cikin ƙaramin firijin ɗaki, abincin da aka kawo maka har ɗaki, manyan kayan teku masu tsada irin su lobsta, wani wurin har jus ɗin da aka matse a gabanka da ɗanyar kwakwa, sai cin abinci na musamman a kan yashi da kyandir wanda amare ke so. Ka nemi a turo maka wannan jerin tun kafin ka biya. In tafiyar ta faɗo ƙarshen Disamba ka sani da yawansu suna ɗora kuɗin liyafar daren Kirsimeti da na sabuwar shekara a kan kowane baƙo ko ya je ko bai je ba. In da yara za a tafi a tambayi shekara nawa ake fara biya musu. A Zanzibar akwai kuma harajin kwana da gwamnati ta sa wa kowane baƙo, wasu otal ɗin sai ka je ake karɓa a hannu, shi ma ka tambaya ko yana cikin abin da ka biya.

A saƙon nan dai ka rubuta musu cewa ku Musulmi ne, ba kwa cin alade ba kwa shan giya, kuma kana son sanin naman da suke dafawa yankan waye. In akwai mai ciwon suga ko hawan jini ko wanda gyaɗa ko kifi ke tayar wa borin jini shi ma a faɗa. Ba roƙo kake ba, aikinsu ne, kullum Turawa na rubuta musu irin wannan har da abin da bai kai naka muhimmanci ba, kuma ana yi musu.

Guzuri kuma, ni dai ina ba da shawarar yaji. Abincin otal an dafa shi ne dan bakin mutanen ƙasashe da yawa, shi yasa za ka ji shi salam ba yaji ba daddawa, cokali ɗaya na yajin gida kan gyara farantin shinkafa da kifi gaba ɗaya. Amma dan Allah kar a ƙulla shi a leda, Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar ke cikinta, ta haramta ledar zuba kaya tun 2019, Kenya ma inda Mombasa take tun 2017, a zuba a ƙaramar roba mai murfi a sa cikin babbar jaka. Kilishi da dambun nama kuwa gara a bar su a gida, ƙasashe da yawa ba sa yarda a shigo da nama ta filin jirgi, za a iya karɓewa. Sai ORS, wato garin gishiri da suga na maganin gudawa, guda uku-huɗu da magungunan da ka saba sha.

Ranar da kuka sauka

A teburin karɓar baƙi za a ɗaura maka wani abin hannu na roba ko na zare kamar awarwaro, shi ne shaidarka a ɗakin cin abinci, kar ka tsinke shi, da shi za ka yi wanka da alwala har ranar tafiya. Kana tsaye za a miƙo maka tawul mai sanyi da kofin abin sha na maraba, to tun daga wannan kofin tambaya ta fara. Ka ce akwai giya a ciki? A Zanzibar Swahili ake ji, in ka ce "bila pombe" sun gane marar giya kake nufi, in ka ce "sili nguruwe" sun gane ba ka cin alade. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, ma'aikatan da yawa in ka yi musu sallama za ka ga fuskarsu ta saki, kuma su ne za su fi tsaya maka a kan abincinka.

Kafin ka wuce ɗaki ka karɓi takardar lokutan abinci ka ɗauke ta hoto a waya. Yawanci safe daga bakwai zuwa goma, rana daga sha biyu da rabi ko ɗaya zuwa wajen uku, dare daga bakwai zuwa tara da rabi ko goma. Ka gyara agogonka, Zanzibar da Kenya suna gaban Najeriya da awa 2, Maldives da awa 4, Gambiya kuma tana bayanmu da awa 1. Mutane da yawa a nan suke rasa karin kumallon farko, jiki na ganin ƙarfe takwas ne alhali a Zanzibar goma ta yi an kwashe kwanuka. Wani abin kuma, masu Swahili lissafin sa'arsu daga fitowar rana yake farawa, in ma'aikaci ya ce maka "saa moja" ƙarfe bakwai yake nufi, saboda haka a nuna maka a agogo ko a rubuce.

Ka kuma nemi ganin shugaban ɗakin cin abincin ko babban kuku a ranar farko, minti biyar ya isa. Ka gaishe shi da kyau, ka faɗa masa lambar ɗakinku da abin da ba kwa ci, ka roƙe shi ya sa wani ya zagaya da ku ya nuna muku. Wannan gaisuwar tana da amfani ƙwarai wlh, gobe kana shigowa za ka ji wani ya matso yana ce maka yau miyar can a bar ta.

Shiga ɗakin bufe

Bufe dai shi ne an jera abinci a dogayen tebura cikin kwanukan ƙarfe masu murfi da wuta a ƙarƙashi, kowa ya ɗau faranti ya zuba da kansa, ya koma sau nawa ya ga dama ba mai ƙirga masa. Ka tsaya a ƙofa a nuna muku tebur, in kana da iyali ka ce kana son na gefe, nesa da wurin da ake zuba giya da wurin makaɗa. Mai niƙabi ta nemi teburin lungu ta zauna tana kallon bango ko teku, ana bayarwa ba wata matsala.

Kar ka ɗau faranti tukuna. Ka fara zagayawa hannu sake, yadda kake yi ranar kasuwar Gujungu kafin ka taya komai, ka buɗe murfi ka duba ka karanta 'yar takardar da ke gaban kowane kwano. In ka gama zagayen ka san abin da ke akwai sai ka dawo ka ɗiba. Wanda ya fara zubawa daga kwanon farko yakan cika faranti da taliya da dankali, yana isa ƙarshen layi ya tarar da gasasshen kifi da kaza babu wurin sawa.

Ɗiba kaɗan-kaɗan, cokali ɗaya na duk abin da ba ka taɓa ci ba, in ya yi maka ka koma. Duk komawa da sabon faranti ake yi, tsohon ka bar shi a tebur za a ɗauke. Nan ne nake so mu ji tsoron Allah, saboda duk abin da ya saura a farantinka bola za shi, ba almajirin da zai zo ya karɓa, ba akuya ba kaji a bayan gida. Mu da muka san wahalar noma tun daga sharar gona har sussuka bai kamata a ga teburinmu da tulin shinkafar da aka ci rabi aka ture ba, kuma ayar nan ta cikin suratul A'araf da ta ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna ba ta daina aiki dan an riga an biya kuɗi. A kula da yara musamman, ido ne ke ɗibar musu, babba ya raka su ya zuba musu.

Kowane kwano da cokalinsa, kar ka ɗau na wannan ka tsoma a wancan, kar ka sa hannu, kar ka ɗanɗana a tsaye a layi. Masu babbar riga da mata masu dogon hijabi a naɗe hannu a kula da wutar da ke ƙarƙashin kwanukan, ƙarama ce wani sa'in ba a ma ganin harshenta da rana. In ka zauna kuma kana son ci da hannu ka ci abinka, ka wanke hannu ka yi bismillah, mutanen gaɓar tekun su ma da hannu suke cin shinkafarsu a gida. In da cokali mai yatsu da wuƙa kake ci to idan ka gama ka haɗa su wuri ɗaya a kan farantin, alamar a ɗauke kenan.

Maganar halal, wadda ita ce babba

Kada kasancewar gari na Musulmi ya sa ka saki jiki gaba ɗaya. Otal ɗin an gina su ne dan baƙi daga Turai, a Zanzibar 'yan Italiya na cikin waɗanda suka fi yawa, shi yasa za ka ga taliya kala-kala da fiza, kuma tare da su ake kawo yankakken naman alade da aka sarrafa. A Maldives ma da doka ta hana alade da giya a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, an yarda a sayar a tsibiran otal. Saboda haka ka haddace waɗannan sunaye yadda ake rubuta su a takardar gaban kwano: pork, bacon, ham, salami, pepperoni, prosciutto, chorizo, pancetta, lard. Wasu otal suna sa hoton ɗan alade a gefe, wasu ba sa sawa. Tsiran Turawa na safe wato sosej, akwai na kaza akwai na sa akwai na alade kuma a ido duk kamarsu ɗaya, sai an tambaya. Taliyar da ake kira carbonara asalinta da naman alade ake yinta, fiza ma ka duba jajayen yankan da ke samanta.

Wurin suyar ƙwai da safe shi ne inda aka fi samun cakuɗuwa, kuku ɗaya kasko ɗaya, wanda ke gabanka ya ce a sa masa ham, kai kuma a fasa naka a kai. Ka ce masa da murmushi a canza kasko ko a wanke, kuma ka nuna da yatsa abin da kake so, albasa, tumatir, tattasai, attaruhu. Haka wurin gashi, ka duba ko a kan ƙarfe ɗaya ake gasa komai, in haka ne ka ce a gasa maka naka a gefe a kan takardar foyil.

Giya kuma ba a kofi kaɗai take ba, tana shiga tukunya. In ka ga an rubuta wine ko rum ko brandy ko beer a sunan miya ko kek to ka wuce. Kayan zaƙin da ake kira tiramisu sau da yawa akwai giya a ciki, haka ayabar da ake kunna wa wuta a kasko a gaban mutane. Masu santsi masu rawa kamar jeli kuma da gelatin ake yinsu, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, in kuku bai tabbatar maka ba ga abarba da gwanda da mangwaro da kankana nan jibge, su ba su da tambaya. A wurin abin sha ka ce jus zalla, ko ka ce moktel, shi ne haɗin 'ya'yan itace marar giya, ka kuma tsaya ka ga ana haɗawa. Yara kar a aike su karɓo abin sha su kaɗai, kofunan kalarsu ɗaya da na manya.

Naman sa da kaza da rago, ka tambaya kai tsaye daga ina suke sayowa. A Zanzibar da Gambiya na cikin gari galibi yankan Musulmi ne, wanda ake shigowa da shi a daskare daga waje shi ne abin bincike, kuma kuku zai iya duba kwalin ya faɗa maka ko da tambarin halal. In amsar ba ta kwanta maka ba ka koma kan kifi, a bakin teku kake ai.

Kayan teku

Mu da muka saba da tarwaɗa da ƙarfasa na kogin Haɗeja, ranar farko abin zai ba ka mamaki. Ga tuna, ga jan kifi manya, ga jatan lande, ga ƙaguwa, ga wata halitta mai hannaye takwas da suke kira pweza wadda suke dafawa da madarar kwakwa. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya buƙatar yanka, saboda haka ta fuskar addini hankalinka ya kwanta. Abin lura shi ne jiki. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da guda ɗaya da rana, ba da daddare ba, ya saurari jikinsa. In aka ga ƙaiƙayi, borin jini, leɓe ko ido ya kumbura a daina nan take a faɗa wa ma'aikata, in kuwa numfashi ya fara sarƙewa wannan na gaggawa ne, a nemi likita a lokacin kar a ce bari a ga safiya. Ɗanyen kifin da ake naɗewa da shinkafa wato sushi, da kawa ɗanya, ni ban ba baƙon ciki shawara ba, mai juna biyu kuwa ta bar su sam. Nama in za a gasa maka ka ce "well done", in ba haka ba za a kawo shi da ja a tsakiya.

Daren da za ka fi morewa shi ne wanda suke ware wa abincin gari, yawanci sau ɗaya a sati, ka tambaya wace rana ce kar ka fita yawo ranar. A Zanzibar za ka samu pilau, shinkafa ce da aka dafa da kanumfari da kirfa da masoro, tsibirin da maƙwabciyarsa Pemba dama da kanumfari aka san su, ga biriyani, ga ugali wanda tuwon masara ne sai dai ya fi namu tauri, ga wake da madarar kwakwa, ga mishkaki wato tsirensu, ga capati, ga kifin da aka gasa aka shafe da miyar kwakwa. Da safe ka nemi mandazi, wato irin fankensu, da shayin citta. A Gambiya kuma benachin dafa-duka ce, domoda miyar gyaɗa ce da shinkafa, yassa kaza ko kifi ne da albasa mai yawa da lemon tsami. Dattijon da aka kai ya huta yana ƙorafin ba tuwo, a kai shi gaban ugali da miyar kifi a barbaɗa masa yajin da aka taho da shi.

Kula da ciki

Ruwan famfo ba na sha ba ne, na gora za ka sha ko wanda otal ta tace ta zuba a kwalba, har wanke baki gara da shi. Ƙanƙara ka tambaya da wane ruwa aka yi, manyan otal da tataccen ruwa suke yi, na bakin titi kuma a haƙura. Ka zo abinci da wuri, farkon buɗewa, lokacin komai na tururi. Abinci mai zafi ya kamata ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ya zauna kan ƙanƙara, wanda ya yi ɗumi-ɗumi ya daɗe a buɗe ƙuda na sauka shi ke kawo gudawa, musamman shinkafa da salak mai mayonis da kayan teku. 'Ya'yan itace ka fi son wanda aka yanka a gabanka ko wanda za ka ɓare da kanka. In duk da haka ciki ya ɓaci sai ORS da ruwa da yawa da farar shinkafa da ayaba, in da jini ko zazzaɓi ko yaro ne ƙarami a nemi likita, otal suna da wanda suke kira.

Masu suga a yi hattara da jus ɗin injin nan na safe, yawancinsa suga ne da kala, ga teburin kek da ba ya ƙarewa. Masu hawan jini kuma sosej da cuku da zaitun ɗin gwangwani gishiri ne zalla. Zafin bakin teku da gumi yake zuwa ba irin namu busasshe ba, mutum na zubar da ruwa bai sani ba, gora ta zauna a hannu.

In a waje kuke cin abinci kar a bar faranti ba kowa, hankakin Zanzibar ba sa tsoron mutum, kana juyawa sun sure nama, a Diani ta Kenya da wasu otal ɗin Gambiya kuma birai ne. Kar a ba su, an hana.

Sauran wuraren ci da maganar fita

Banda babban ɗakin bufe manyan otal na da ƙananan gidajen abinci da ake zama a kawo maka menu ka zaɓa. Wasu suna cikin kuɗinka sau ɗaya ko biyu a zamanka, amma sai ka sa suna tun da safe ko kwana ɗaya kafin, kuma wuri na cika da wuri, saboda haka ranar farko ka sa. A menu ɗin in ka ga tauraro ko farashi a gefen wani abinci to shi da ƙarin kuɗi. A Maldives farashin da aka rubuta ana ƙara masa kashi 10 na hidima sannan haraji, ka lissafa kafin ka ce a kawo. Da daddare ana son maza da dogon wando, kaftani da hula sun wadatar har sun yi kyau, jiƙaƙƙen kayan wanka ne ba a shiga da su. A lokacin manyan ruwan sama na Zanzibar, Maris zuwa Mayu, baƙi na raguwa, wasu otal sukan ajiye bufe su koma kawo abinci a faranti, a nan sai ka faɗi buƙatarka tun kafin a dafa.

Ranar da za ku fita yawo, ko cikin tsohon gari Stone Town ko gonakin kayan ƙamshi ko shiga jirgin ruwa, abincin ranar ya wuce ku sai dai in tun daren jiya kun ce a haɗa muku na tafiya a kwali, da yawa suna yi kyauta. Abin da kuka ci a waje daga aljihunku ne, a riƙe shilin ɗinsu. A Forodhani, wani fili a bakin tekun Stone Town, da yamma ana jera teburan gashi a bakin ruwa, wurin na da daɗi, ka tambayi farashi kafin a ɗora maka kuma ka sa a gasa a gabanka ya yi zafi sosai, ka sha ruwan rake da citta da lemon tsami. Kwasar abinci daga bufe zuwa ɗaki kuwa yawancin otal sun hana, ga tururuwa, in yaro ne ko mara lafiya ka faɗa musu su da kansu za su rufe maka faranti.

Sallah ba ta karo da lokutan nan in ka tsara, magariba a Zanzibar tana faɗawa tsakanin shida da kwata zuwa bakwai saura duk shekara, ka yi sallarka ka fito daidai buɗe abincin dare. Ka dai lura alƙibla a can arewa take ba gabas ba, a duba a waya ko a tambayi ma'aikaci. In da azumi ka je ka faɗa tun ranar farko a riƙa ajiye maka sahur a kwali da dabino da ruwa na buɗa baki, ma'aikatan da yawa su ma suna azumin, kuma wanda ba ya azumi saboda uzuri kar ya ci a bainar jama'a in ya shiga gari.

Sa hannu, ihsani, da ranar tafiya

Duk takardar da aka kawo ka sa hannu ka karanta. Wasu otal ko abin da ke cikin kuɗinka sai ka sa hannu amma za ka ga sifili a ƙasa, in ka ga adadi ka tambaya a take kafin ka rubuta lambar ɗaki. Duk bayan kwana biyu ka leƙa teburin karɓar baƙi a nuna maka lissafinka, gyara ya fi sauƙi tun abin na sabo. Yara a gaya musu firijin ɗaki ba a taɓawa sai an tambaya.

Ihsani ga ma'aikata ba dole ba ne amma ka yi, mutanen nan tun asuba suke tsaye har dare, wanda ya kula da teburinku da kukun da ya canza maka kasko kullum ka damƙa musu wani abu a hannu, akwai kuma akwatin da ake sakawa a raba har da na cikin kicin da ba ka gani. Naira ba ta da amfani a can, ka ba da kuɗin ƙasar, in dala ce ta zama sabuwar takarda marar yagewa dan tsofaffi ana ƙin karɓa wajen canji.

Ranar tafiya ana sallamar ɗaki tsakanin goma zuwa sha biyu, kuma a otal da yawa da zarar an yanke abin hannun nan cin kyauta ya ƙare, ko ruwa sai ka saya. In jirginku na yamma ne ko na dare ka yi magana tun jiya, wasu za su bar muku abin hannun har abincin rana, wasu su ce a biya ɗan ƙari, ka san adadin kafin ku zauna. Ku karya da kyau, a ba yara su ƙoshi, a cika gorunan ruwa na hanyar filin jirgi, sannan in ta Addis Ababa za ku biyo zuwa Kano ka tabbatar ejan ya sa muku abincin Musulmi a tikiti, ana nemansa ne aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin tashi.